Abin da wasiƙun 'yan kasuwa suka koya mini game da "in respect of"

Ni sakatare ne a wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Kumasi, kuma mafi yawan aikina rubuta wasiƙu ne da Turanci, domin shi ne harshen hukuma a Ghana, kuma duk takardar da za ta shiga ofishin gwamnati, ko banki, ko hannun mai shagon da ake haya, da shi ake rubuta ta. Mutanenmu na unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango sukan zo da damuwarsu cikin Hausa, wani lokaci a gauraye da harshen Twi, ni kuma in mayar da ita takarda. A cikin wannan aiki babu abin da ya fi ɗaukar hankalina kamar wasu dogayen kalmomin haɗi da suka cika wasiƙunmu, wato "with regard to" da "with respect to" da "in connection with", sai kuma babbarsu, "in respect of".

Akwai ƙaramar matsala wadda gyaranta ba shi da wuya. Mutane da yawa suna rubuta "with regards to", alhali a rubutun ofis "with regard to" ake so, ba tare da harafin "s" ba. "Regards" mai wannan harafi gaisuwa ce, irin wadda ake rufe wasiƙa da ita, sai kuma a cikin "as regards", inda kalmar take aikatau. Wanda aka nuna wa wannan sau ɗaya ya wuce wurin.

Babbar matsalar tana nan ko da an rubuta komai daidai da nahawu. Waɗannan kalmomi suna nuna cewa akwai alaƙa tsakanin abu biyu, amma ba sa faɗin wace irin alaƙa ce, kuma a harkar kuɗi wannan alaƙar ita ce duk maganar. A ce ɗan kasuwa ya rubuta wa mai shago, "I paid 5,000 cedis in respect of the shop." Jimlar ba ta da aibi, amma mai karatu bai san ko kuɗin haya ne ba, ko na gyaran rufi, ko kafin alƙalami, ko bashin da ya rage daga bara. Ranar da aka rubuta ta, su biyun sun san abin da suke nufi. Bayan shekara biyu, idan an samu saɓani, ko ɗayansu ya rasu magada sun ɗauko takarda, kowane ɓangare zai karanta ta yadda ta yi masa daɗi, kuma babu wanda za a ce ya yi ƙarya. A ƙasar nan abin ya fi tsanani, saboda Dokar Haya ta 1963 ta ce kuɗin da za a karɓa gaba kada ya wuce na wata 6, amma kowa ya san ana karɓar na shekara ɗaya ko biyu, don haka idan magana ta kai ofishin kula da haya, abin da za a fara tambaya shi ne kuɗin na mene ne, kuma na waɗanne watanni. Da an rubuta "as rent for January to June", da takardar ta amsa da kanta.

Haka ma "a complaint in respect of the landlord". Shin mai shagon ne ya kawo ƙara, ko shi aka kai ƙara? Idan daga gare shi ta fito, "from" ake so, idan kuwa a kansa ne, "against". Tara saboda jinkirin biya "a fine for late payment" ce. Wasiƙa a kan batun wuta "a letter about the electricity" ce. A kusan kowane wuri akwai gajeriyar kalma, "for" ko "about" ko "on" ko "against", wadda take tilasta wa marubuci ya yanke hukunci a kan abin da yake nufi, ita kuwa doguwar tana ba shi damar wucewa bai yanke ba. A ganina wannan ne ya sa ake son ta, ko da ba a sani ba.

Wannan salo mun gaje shi ne daga ofisoshin zamanin mulkin mallaka, amma su kansu Turawan sun daɗe suna yaƙi da shi a gida. A 1948 aka buga ɗan littafin nan Plain Words, wanda Baitulmalin Birtaniya ya nemi Sir Ernest Gowers, gogaggen ma'aikacin gwamnati, ya rubuta domin ma'aikata su riƙa yi wa jama'a rubutu a sarari, kuma irin waɗannan kalmomin haɗi suna cikin abin da ya ja kunne a kai. Ke nan tun kafin Ghana ta samu 'yancin kai a 1957 masu harshen sun fara ajiye abin da mu har yau muke ɗauka alamar ƙwarewa.

Inda na fi shan gardama shi ne wurin dattawa. Wani zai dubi takardar ya ce, "Malam Sakatare, wannan ai ta yi gajarta, ƙara mata nauyi, babban mutum za a kai wa." Ba na raina wannan magana, domin mu mutane ne da ba ma shiga batu sai mun gaisa mun tambayi gida da gajiya, kuma dattijon yana tsoron kada a ga rashin ladabi a takardar da ke ɗauke da sunansa. Abin da nakan ce shi ne, "Baba Alhaji, ladabin yana nan a sama inda muka kira shi da muƙaminsa, yana nan a ƙasa inda muka yi godiya, tsakiyar kuwa bari mu bar ta a fili don ya gane buƙatarku da karatu ɗaya." Jami'in da takardu suka taru a gabansa ya fi saurin amsa wadda ya fahimta, kuma sauƙaƙa masa aiki shi ma girmamawa ne.

Ban ce a kori waɗannan dogayen kalmomi gaba ɗaya ba. Idan lauya ya tsara yarjejeniya ya sa "in respect of", ba na taɓawa, domin yana iya nufin ya game duk wata alaƙa da gangan, kuma canja kalma a irin wannan takarda ba hurumin sakatare ba ne. "With regard to" ma tana da amfani a farkon sakin layi, idan wasiƙa tana ɗauke da batu fiye da ɗaya kuma ana son a nuna an koma kan na gaba.

A sauran wurare, da zarar na ga hannuna zai rubuta ɗaya daga cikinsu, nakan gwada gajerun kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Idan babu wadda ta zauna, yawanci bayanin da aka ba ni ne bai cika ba, sai in ajiye biro in koma wurin mai takardar in tambaye shi kuɗin na mene ne, wa ya karɓa, a wace rana, kuma ko rasit yana hannunsa.