Wannan ba sauro ba ne

Masu lambu a Jos, in kun ga siririn ƙwaro manne da bango kusa da fitila, ya buɗe fukafukai kamar harafin T, ku dube shi da kyau kafin ku kai masa mari. Faɗa-wuta ne mai fukafukan gashi. A hutawa yakan naɗe su har su zama kamar tsinke. In ya ware, na gaba ya tsage biyu, na baya uku, kowanne da gezar gashi. Dogayen ƙafafunsa masu ƙaya su ke sa a ɗauke shi sauro.

Shi babban ba ya cizo, ba ya cin ganye. Ɓarnar ta tsutsarsa ce. Macen tana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan toho da fure, tsutsa koriya mai gashi ta fito ta huda furen duma ko na wake, furen ya zube bai yi ɗa ba. In ta ƙoshi ba ta shiga ƙasa, ba ta saƙa gida. Sai ta maƙale da gindinta a jikin ganye, a fili, har ta rikiɗe. Lokacin zafi abin, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro, yakan ɗauki kamar wata guda, sanyin Jos kuwa yana jinkirta shi.

Ku riƙa juya ganye da sassafe kuna tsince tsutsar da hannu. Feshi bayan tsutsar ta shige cikin fure galibi asarar magani ce.