Da Faransawa sun riga Ingilishi sauka a nan

Ni ɗan Maradi ne, a lekol na yi karatuna kaf da Faransanci, har na samu digiri a lissafin kuɗi a Yamai. Yau ga ni a kudancin Niyu Zilan ina yankan tumaki a wata mayanka, kullum tun kafin asuba. Ba raina sana'ar nake ba. Naman da nake yankawa da bisimillah har ƙasashen Larabawa ake kai shi, kuma da shi na yi wa Inna rufin kwano. Amma takardata tana ƙasan akwati, duk ofishin da na kai ta sai a tambaye ni Turancina.

Wani abokin aikina ɗan Fiji ya ce akwai garin Faransawa kusa da Christchurch, sunansa Akaroa, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Muka tafi ranar hutu. Ina ganin allunan tituna, Rue Lavaud, Rue Jolie, ga tuta mai launi uku, sai na ji kafaɗuna sun tashi. Na shiga wani shagon burodi, na gaida yarinyar da ke sayarwa da Faransancin nan na 'yan boko, na jero mata abin da nake so, har da tambayar lafiyar iyayenta. Ta yi murmushi, ta juya wajen abokina ta tambaye shi da Turanci me nake nufi. Ga mutane a layi bayana, wata tsohuwa har da rufe baki. Da yatsa na nuna burodin, kamar kurma a kasuwa.

A ɗakin tarihin garin na gane inda aka kwana. A 1838 wani kyaftin mai farautar manyan kifayen teku, Jean Langlois, ya ƙulla cinikin ƙasa da wasu 'yan Maori, asalin mutanen ƙasar, ya koma Faransa ya tara masu kuɗi. Jirgin Comte de Paris ya taso da mutum wajen 60 a watan Maris na 1840. Ashe tun 6 ga Fabrairu Ingila ta riga ta sa hannu da sarakunan Maori a yarjejeniyar Waitangi. Kafin Faransawan su sauka a watan Agusta, jirgin yaƙin Ingila Britomart ya riga su da 'yan kwanaki, ya kafa tuta. Suka zauna dai, amma a inuwar sarauniyar wasu.

Tun daga ranar nake wannan lissafi, musamman da dare idan sanyin Yuli ya hana ni barci. Da Langlois bai ɓata shekara biyu yana yawon neman jari ba, da wataƙila tsibirin kudu duka na Faransa ne. Da yanzu ina zaune a ofis da riga mai tsabta, ni nake duba albashin masu yanka. Da ɗan baffana na Jibiya, wanda ya zo bayana amma tuni ya samu aikin jinya saboda Turancinsa, shi ne zai riƙa nuna burodi da yatsa. Kakanmu ɗaya da shi fa. Nasara ne suka zauna a Turai suka ja layi tsakanin Maradi da Katsina, shi ya faɗa hannun Ingila, ni hannun Faransa.

Sai dai mafarkin ba ya daɗewa. Arewa da nan akwai Sabuwar Kaledoniya, wadda Faransa ta kama a 1853, ta maishe ta wurin jibge fursunoni, ta ture 'yan Kanak, asalin mutanen wurin, daga gonakinsu. Dokar 'yan ƙasa da ta sa kakanninmu aikin tilas har 1946, su ma ita aka ɗora musu. Kuɗinsu har yau faran ne, tagwayen sefarmu, shekara ɗaya aka haife su, 1945. A watan Mayun 2024 babban birninsu Numeya ya kama da wuta kan batun wa zai yi zaɓe. Mu da aka ba mu labarin kisan gillar da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka yi a Birnin Ƙonni a 1899, ina mu ina yi wa Maori fatan kwamandan? Su ma Ingilishin ba su bar musu ƙasar ba, mafi yawanta ta kuɓuce musu.

Na ba Inna labarin shagon burodi a waya, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "To kai wa ya aike ka? Mu nan ma mun sallame su." Gaskiyarta, sojan Faransa sun fice daga Nijar tun Disambar 2023, kuma a 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa. Sai ta shiga zancen da ya dame ta: Yaya yana son a kai babban ɗana Katsina wajen baffa ya yi makarantar Turanci, uwar yaron kuma ta ce hanyar Jibiya ba lafiya, ba za ta ba da ɗanta ba. Kowa jira yake in yanke. Na ce a bari sai bayan girbi, in ga abin da zan iya turowa ƙarshen wata.