Akwatin Baba da na sayar

Ƙannena na Aboabo da Asawase a Kumasi, in mota ta bi da ku ta unguwar Ahinsan kuka hangi tsohon kamfanin buhu, kada ku kau da kai kamar yadda na yi shekara da shekaru. A can mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa.

Zamanin Nkrumah aka gina shi, farkon shekarun 1960, don Gana ta riƙa saƙa buhun algarara da kanta ta zuba kokonta (na cakulan nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai ba). Can Atonsu kuma aka kafa na takalma da taimakon mutanen Cekoslobakiya. Bayan juyin mulkin 1966 aka tattara irinsu a ƙarƙashin GIHOC, hukumar kula da masana'antun gwamnati. Duk wannan a bakin wasu na tsinta daga baya, alhali mai labarin muna gida ɗaya da shi.

Bayan isha'i Baba yakan shimfiɗa buzu ya fara: ƙarar injin da ke sa a yi magana da hannu, ƙurar zaren da ke maƙalewa a gemu, yadda Ba'asante da Badagombe da Bahaushe ke sa hannu a kwano ɗaya lokacin hutu. Ni kuwa sai in ce, "Baba, ana jira na," in sulale majalisa. Gaskiya kunya nake ji. Wai uban wasu ɗan kasuwar goro ne, nawa lebura.

Bayan addu'ar arba'in muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Katin aiki, takardun albashi ɗaure da zare, hoton su goma sha wani abu a bakin ƙofar kamfani. Na ce tarkace ne. Takardu na cinna musu wuta, akwatin na sayar wa masu tsohon ƙarfe, kuɗin ko wake da shinkafa na kwana biyu bai saya ba.

Ku da waya a hannu, ku zauna da tsofaffinku ku naɗi muryarsu. Kada ku ce "ba ni tarihi", ba za ku samu komai ba. Ku tambayi nawa ne albashin farko, wa ya kai shi aikin, me aka yi ranar da injin ya tsaya. Kowace takarda ku ɗauki hotonta kafin gara ta riga ku.

Yanzu daga Indiya da Bangaladash ake shigo da buhunan koko. Bara 'yata ta tambaye ni wane sashe kakanta ya yi aiki, saƙa ko ɗinki. Na shiga ɗaki na ɗauko mata basillarsa, wadda Umma ta ɓoye ranar da nake ƙone-ƙonen. Ta jujjuya ta, ta sake maimaita tambayar.