Dagin Arewa da ya lalace mini sau uku

A wurin masu kayan gwanjo na tsinci injin, an jingine shi tsakanin tsofaffin fankoki. Kallon farko sai ka ce keken ɗinki: ga teburin ƙarfe, ga doguwar damtse da ta lanƙwaso a kansa, sai dai a gurbin allura siririn zarto ne mai tsawon inci 5, wanda ke hawa da sauka. Masu shigo da shi sukurol-so suke ce masa, ni kuwa injin zayyana nake kiransa, don aikinsa ke nan, fitar da zane daga jikin katako. Irin wannan sana'ar ta yi tashe a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ƙafa ake taka injin kamar na tela, har wani kamfani mai suna Hobbies a garin Dereham ya riƙa sayar wa mutane injin tare da zane-zanen da za su yanka a gida.

Allah ya taimake ni na duba bayansa kafin in jona. Daga Amurka ya fito, wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Sai da na nemo ƙaramin tiransifoma mai rage ƙarfin wuta sannan na kunna.

Watan farko a karya zarto ya ƙare. Ranar da na fara ma baibai na ɗaura shi, haƙora suna kallon sama, katakon ya riƙa tsalle a hannuna yana bugun tebur. Ƙasa ya kamata haƙoran su kalla, don kowace sauka ta danne katakon. Bayan na gyara wannan, karyewar ba ta tsaya ba, sai na kwashi guntayen a leda na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Bai taɓa aiki da irin injin ba, amma da ya zo ya ga yadda nake yi, bai ɗauki minti biyar ba ya ce, "Ɗana, tura shi kake yi. Zarto ba a tura masa, ba shi ake yi ya ci." Na ce, "Baba, to ai ba ya gaba." Ya sa yatsa ya taɓa zarton ya ce sako-sako ne. Muka yi ta ɗaurewa yana kaɗa shi kamar tsirkiyar gurmi har ya fara ba da siririn amo. Tun daga ranar haka nake gwadawa: in kaɗa in saurara, sannan in tura da yatsa, kada ya kauce fiye da milimita 3.

Da hannuna ya ɗan faɗa, sai na ɗauko abin da tun farko ya sa na sayi injin, wato dagin Arewa. Tun ina yaro nake ganinsa a aikin babbar riga da goshin gidajen gargajiya, kuma shi ne ya zama tambarin Arewa a zamanin Sardauna. Ina son in fitar da shi a katako in rataya a zauren mahaifina.

Dagi na farko tun a takarda ya mutu, ni ne ban gane ba sai a kan tebur. Kyan dagi shi ne saƙarsa, wannan igiya ta hau kan waccan, ta sake kutsawa ƙarƙashin wata. Mai zane da alƙalami layi kawai zai ja ya nuna wadda ta hau. Ni ma na bi layukan nan duka da zarto, har ƙarshensu. Ina kammala layi na huɗu tsakiyar dagin ta zube ta ramin tebur, ta bar ni da zobe a hannu. A takarda layi ba ya raba komai, a katako kuwa duk layin da ka bi daga gefe zuwa gefe yanka ne.

Wannan ne ya canja mini yadda nake zane gaba ɗaya, kuma a ganina nan ne asalin sana'ar take. Yanzu littafin lissafi mai gida-gida nake samu, in zana rubu'i ɗaya na dagin, in ninka takardar gida huɗu in kwafe, don ɓangarorin su yi daidai. Daga nan in ɗauki fensir in baƙanta duk inda za a cire, baƙi ƙirin. Sai in ɗora yatsa a kan farin da ya rage in bi shi. In akwai farin da ba zan iya kaiwa gare shi ba sai na tsallaka baƙi, to wannan tsibiri ne, kuma zai faɗi. Dole a bar masa gada. A wuraren saƙa, nakan shigo da layin daga kowane gefe in tsaya, in bar milimita 4 zuwa 5 a tsakiya ba a taɓa ba. Daga taku biyu ido ba ya ganin gadar, saƙa yake gani. Awa uku nakan yi a kan takarda kafin in taɓa katako, kuma ban taɓa ganin asararsu ba.

Dagi na biyu da maɗaci na yi, falanki mai kaurin milimita 6 da na sa aka fere mini a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Maɗaci yana da kyau, jansa yana ɗaukar mai, amma ya koya mini abu biyu. Na ɗaya ƙuna: gefen yankan ya riƙa yin baƙi yana warin hayaƙi, musamman a lanƙwasa. Dalili shi ne zarton ya dakushe ina ta amfani da shi, ga gudun injin na ƙure. Na rage gudu, na fara canja zarto da zarar na ji ina ƙara ƙarfin hannu, sannan na manna farin salatif mai faɗi a kan zanen, wanda ke sa zarton ya riƙa sulɓi. Ƙunar ta ragu sosai. Na biyu ya fi ciwo. Katako yana da jijiya, kuma duk siririn wurin da jijiyar ta ratsa shi a gicciye ba shi da ƙarfi. Dagi kuwa igiyoyinsa kowace fuska suke bi, babu yadda za ka juya falankin su duka su bi jijiya. Ina goge shi da sanfefa, kan madauki ɗaya ya ɓalle a tsakanin yatsuna, ƙas, kamar busasshen kara. Kwana biyar na aikin dare ke nan. Uwargida ta shigo da shayi ta tarar da ni riƙe da guntun, ta ce, "Baban yara, a manna mana da gam." Na manna, amma tabon yana nan, kuma ban iya kai wa mahaifina shi ba.

Shi ya sa na koma filawud, wanda aka jera ɓawonsa wani a tsaye wani a gicciye, ba shi da fuskar rauni. A na uku laifi biyu ne suka haɗu. Filawud ɗin na araha ne, cikinsa da kogo, zarto na shiga wurin sai gefen ya ruɓza. Ni kuma na fara da yanke kewayen waje don in ga siffar ta fito, sai ya zama ba ni da abin riƙo, siraran igiyoyin suna rawa a ƙarƙashin zarto. Ciki ake fara cirewa, daga tsakiya a yi waje, kewaye shi ne na ƙarshe. Duk babban guntun da na cire, mayar da shi nake yi gurbinsa in riƙe da salatif, ya tallafi maƙwabtansa har a gama.

Kafin na huɗu na gyara wasu ƙananan abubuwa. Zarton da injin ya zo da shi mai ƙusa ne a kai da gindi, ba ya shiga hudar da ake yi wa katako don a zura shi a yanke ciki sai ta kai wajen milimita 5, alhali wasu tagogin dagin ba su fi haka faɗi ba. Na samo maƙalai na koma zarto marar ƙusa, lamba 5, wanda 'yan haƙoransa na ƙasa suke kallon sama don kada bayan filawud ya yi gashi. Na daina manna zane kai tsaye a jikin katako. Salatif na takarda nake fara shimfiɗawa, zanen ya hau kansa, in an gama a ɓare cikin sauƙi. Na kuma gane cewa yawancin zartunan nan suna ja dama saboda yadda aka buga haƙoransu, don haka ɗan karkata katakon nake yi maimakon in yi kokawa da su.

Filawud uku masu milimita 4 na haɗa na ɗaure, na yanka lokaci guda. Sai da na fara gwada tsayuwar tebur: na ɗan tsaga wani guntu, na zagaya da shi bayan zarton, tsagar ta shige daidai. In tebur ya karkata ko kaɗan, na ƙasa ne zai fito da gadoji sirara. Takunkumi kuwa ba na cire shi, don ƙurar nan laushi gare ta, ga hunturu ya riga ya busar da maƙogwaro.

Duka ukun sun fita lafiya. Ɗaya na shafa masa mai a fuska kawai, kwana biyu iskar hunturu ta lanƙwasa shi kamar faifai, sauran na shafe su gaba da baya suka zauna. Mafi kyau a ciki na ɗora shi a kan falankin maɗaci, farin dagi a kan ja, na kai zaure. Mahaifina ya sa tabarau ya bi igiyar da yatsa tun daga sama har ta dawo inda ta fara, ya ce a buga ƙusar a saitin inda yake zama.

Yanzu sunan 'yata nake zanawa da haruffan Larabci. Cikin mim da ha tsibirai ne in harafin za a cire, in kuma harafin za a bari, ɗigo ne ba shi da abin kamawa. Na gwada sauko da ɗigon har ya taɓa jikin harafin, bai yi mini kyau ba, don haka a zane na shida na ja siririn reshe daga firam ɗin sama ya riƙe shi.