Zuwa ga mutanen Jos, a kan karin kumallo da ɗanyen ganye

Assalamu alaikum 'yan uwana na Jos, ya gida ya yara, ya kuma sanyi? Gaisuwa daga Mancesta, mu ma nan yayyafi ne ba dare ba rana.

Maganar abinci ce ta sa na ɗauko waya. Akwai wani karin kumallo da Turawan nan suka ɗauka da girma, sumudi a kwano, a markaɗa kayan marmari da ɗanyen ganye ya yi kauri har sai da cokali, a barbaɗa masa 'yan abubuwa a sama. Kuɗin kwano ɗaya a shagon kofi in kika juya shi naira sai kin riƙe baki, ni kuwa in na leƙa abin da ke ciki haushi nake ji, don wallahi kusan komai a jibge yake a kasuwar Farin Gada, ayaba, piya, gwanda, alayyahu, ga sitiroberi da ake nomawa a Chaha wajen Vom, wanda mutanen Abuja da Legas ke aikowa a saya musu mu kuma muna wuce shi a bakin titi.

Sirrin duk a kaurin yake. Ayaba biyu da suka nuna sosai, waɗanda bawonsu ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, ki ɓare ki yanyanka ki sa a firiza tun da dare. Da safe ki zuba a blanda da rabin piya, mangwaro ko gwanda, ganye cikin tafin hannu ɗaya, sai kindirmo kamar ludayi guda. Kar ki cika ruwa don Allah, nan ne mutane ke ɓata shi. In blandar ta tsaya tana kuka ki kashe, ki tura da cokali, ki sake kunnawa. So ake ya fito kamar fura da nono mai kauri, cokali ya tsaya a ciki.

Ganyen kuma sai an kula. Na nan ƙanana ne masu laushi, ɗanye ake zubawa ba a ma jin ɗanɗanonsa. Alayyahunmu ya fi shi ƙarfi da warin ɗanye, gara ki tsinke ganyen zalla ki bar karan, ki wanke da ruwan gishiri sosai don ba ki san ruwan da aka yi ban ruwa da shi ba, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti 1 ki tsame ya huce. Zogale kaɗan ya isa, in ya yi yawa ɗaci zai kwashe komai yara su ƙi sha. Ki matsa lemon tsami, yana kashe warin, kuma bitamin C ɗinsa na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye.

Na sama kuwa kar wani ya ruɗe ki da 'ya'yan ciya (chia), wasu ƙananan ƙwayoyi da ake sayarwa da tsada a manyan shaguna. Soyayyiyar gyaɗa, riɗi, kwakwa da aka kankare, dabino ɗaya ko biyu, shi ke nan. Suga ba ya shiga, ayabar ta wadatar, masu ciwon suga ma su rage ta su bar dabinon.

Na san abin da za ku ce, ina wutar? Gaskiya ne, in NEPA ba su kyauta ba a yi da ayabar haka nan a rage kindirmon, piya za ta riƙe kaurin. Dama sitiroberi da hunturu yake zuwa, wa zai sha ƙanƙara da sassafe a Jos a watan Janairu, Hajiya na gani za ta ce mura kike nema. A lokacin ki yi shi ba sanyi, in mangwaro ya shigo wajen Afrilu sai a koma firiza.

A gaida mutanen gida duka, wadda ta gwada da acha a sama ta faɗa min yadda ya yi, ita ce ba na samu a nan cikin sauƙi.

'Yar uwarku a Ingila