Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Rakoda

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya damƙa mu a hannun malamin tsangaya, ni da ɗansa, a wani ƙauye kusa da Haɗejia. Shekarata 9 a lokacin.

Ban yi wata uku ba gardawa suka laƙaba mini suna Rakoda. Sau biyu Malam zai biya mini allo, kafin la'asar na haddace na wanke. Yakan dafa kaina ya ce, "Wannan ba ƙoƙarinsa ba ne, baiwa ce." Ɗan Baffa kuwa sai ya kwana uku a kan allo ɗaya, yana tsugune gefen wutar kara yana nanatawa har muryarsa ta dishe. Daƙiƙi ake ce masa. Ni ma na faɗa, Allah Ya yafe mini.

Da na haura izu 30 sai ayoyi masu kama da juna suka fara sarƙe mini. Maganin abin sananne ne, tilawa. Amma in zauna a gaban ƙolaye, wato ƙananan almajirai, ina maimaita aya sau 40? Ai Rakoda ba ya maimaici. Sai na koma ƙaryar zazzaɓi, ranar da aka ritsa ni kuma in zaɓi surar da na tabbata ba zan yi gyara ba.

Sai da na shiga kwalejin horar da malamai, a darasin halayyar ɗan Adam, na ji labarin binciken da Carol Dweck da Claudia Mueller suka wallafa a Amurka a 1998. An ba yara 'yan aji biyar tambayoyi, aka ce wa wasu "lallai kai mai basira ne", wasu kuma "lallai ka dage". Waɗanda aka yabi basirarsu suka riƙa gudun aiki mai wuya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suka ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abin da suka ci. Ina zaune a aji gumi ya karyo mini, kamar malamar ta leƙa tsangayarmu.

Ɗan Baffa ya sauke, ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka. Ni a izu 34 na tsaya, ranar da Malam ya kira ni bayan asuba ya ce, "Rakoda, kawo allonka, yau ni zan zaɓi wurin."

Mu haɗu mako mai zuwa.