Katsina, Kiyota, Damagaram: Shekarar Gidanmu a Kan Hanya

Shekarar 2024 ta shigo ta tarar da mu a Maraɗi a takure. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga can. A rediyo maganar tireloli da tsadar shinkafa da magani aka fi yi, kuma gaskiya ne, mun ɗanɗana kuɗarmu. Amma akwai wani ciwon da ba a cika faɗa ba. Daga nan zuwa Katsina ba a cika kilomita 100 ba, kuma da wuya ka shiga gida a Maraɗi ka rasa mai uwa ko ɗiya ko kabarin uba a can. Sarakunan garin nan ma daga Birnin Katsina suka taso bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu.

A cikin waɗannan watannin ne ƙanwar surukata ta rasu a Katsina. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Samarin gida sun hau babura sun ratsa daji sun je gaisuwa. Inna kuwa, wato surukar tawa, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, ba wanda ya yarda ta bi wannan hanya. A waya aka yi mata ta'aziyya, ta amsa, amma daga ranar ta rage magana, ko jikokinta ta daina tsokana. Don haka da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ita ma ta buɗe ranar 22 ga watan, ana cikin azumi, ba a zauna wata shawara a gidanmu ba. Inna ta dubi Malam, maigidana, ta ce: “Ana saukowa daga idi ka nemo mana mota.”

Washegarin sallah muka kama hanya, da ni da Malam da Inna da yara. Na ɗaure tsarabar aya, wadda jiharmu ta yi suna wajen nomanta, da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. A Ɗan Isa aka sauke mu, jandarma da 'yan duwan suka duba katin kowa. 'Yan canji na zagayawa da damman kuɗi a hannu, jika ɗaya ta sefa tana kawo wajen naira dubu biyu. Wasu fasinjoji murna suke ta yi. Ni da na san lokacin da jika ba ta kai naira ɗari huɗu ba, raina bai yi daɗi ba, don na san 'yan'uwan da za mu sauka wurinsu da wannan nairar suke cefane. Daga Magama zuwa Jibiya zuwa Katsina shinge ne bayan shinge, direba kuma tun a tasha ya gaya mana ba ya bari la'asar ta yi masa a wannan hanya saboda 'yan bindiga. Babban ɗana ya yi ta tambayar ubansa labarin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalin aikinsa a 2021, yaushe zai iso, nawa za a riƙa biya. Inna carbinta kawai take ja.

Da muka isa ba ta tsaya gaisuwar zaure ba, ɗakin marigayiya ta nufa kai tsaye. Ashe 'ya'yan ba su taɓa komai ba, sun ce sai yayar uwarsu ta zo ta gani. Buzun sallarta na naɗe a gefen gado, butarta ta ƙarfe na bakin ƙofa, mayafin da take zuwa islamiyya da shi na rataye a ƙusa. Inna ta zauna a ƙasa, ta jawo buzun ta shimfiɗa, ta ɗora tafin hannu a wurin da goshi ya cinye gashin. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta ce wa babbar ɗiyar: “Ɗiyata, kawo mini ruwa a butar nan.” Ta yi alwala da ita, ta yi nafila, ta yi addu'a da ƙarfi har mu da ke tsakar gida muna amsawa. A daren ranar na ji ta tana ba jikoki labarin yadda ita da ƙanwarta suke tallar fura suna yara, tana dariya. Ranar na gane abin da manya ke nufi da zumunci a ƙafa yake. Waya tana isar da gaisuwa, amma ba ta sauke wa mutum abin da ke ƙirjinsa.

Kafin mu juyo, ƙanin Malam ya kai yara suka ga hasumiyar Gobarau, suka ziyarci kabarin Wali Ɗan Marina. Na so hakan ƙwarai. A lakwal, wato makarantar boko, suna karanta tarihin ƙasashe masu nisa da Faransanci, ga tarihin kakanninsu nan tafiyar rabin yini ba su taɓa sa shi a ido ba.

Sallar layya a ƙauyenmu muka yi ta, can wajen Tsibirin Gobir, muka bar wa dangi irin shuka muka dawo. Mun kuma leƙa Madarunfa da matan unguwa, muka ziyarci wasu daga cikin kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da tafkin, muka sayo kifi, muka juyo da rana tsaka.

Sai damina ta zo da abin da ba mu zata ba. Ruwan Juma'a 30 ga Agusta ba wanda zai manta da shi a Maraɗi. Titi ya koma gulbi, gidajen laka suka riƙa narkewa kamar dunƙulen fura a cikin nono, aka rasa rayuka. Tsofaffi suka tuno da ambaliyar 1945, wadda ta sa aka taso da garin daga fadama aka dawo da shi kan tudu. Namu gidan na bulo ne, Allah ya tsare, katangar baya kawai ta zube. Maƙwabciyarmu kuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ɗakunanta duka suka kwanta. Cikin daren muka kwaso su, muka ba su ɗakin baƙi da falo.

Mauludi kuma ya ƙarato, tsakiyar Satumba. Malam ɗan Tijjaniyya ne, ya daɗe yana zuwa Kiyota shi kaɗai, kuma tun bara ya yi mini alkawarin bana tare za mu. Ni dai na ce a fasa. Ina za mu bar gida cike da mutane, katanga a zube? Wanda ya warware maganar shi ne yayana. Shi ɗan Izala ne, ba ya mauludi, bai taɓa ɓoyewa ba, shi da Malam sun sha kwana suna jayayya a kai da littattafai a gabansu. Ya zo ya same ni ina wanki ya ce: “Ke dai shirya ki bi mijinki. Ra'ayina yana nan yadda kika san shi, amma gidanki ni zan kwana a zaurensa har ku dawo.” Shi ya kai mu tasha da asuba, ya ɗora mana kaya, ya ƙara mini kuɗin ruwa. Na rubuta wannan ne da gangan, domin masu zagin juna a Facebook kan ɗariƙa da Izala su san akwai gidaje da yawa a Maraɗi da saɓanin yake nan daram, kuma ba a fasa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Hanyar yamma doguwa ce. Gidan Rumji, Madawa, Galmi da rumbunan albasarta, Ƙonni, Dogon Dutse, Doso. Ko'ina ruwa kwance a gonaki, wani wurin gero ya yi kyau har ya fi mutum tsawo, wani wurin ya nutse sai kan zangarniya. Abin da ya fi damuna a tafiyar nan shi ne halin da mata ke shiga. Mota ta tsaya sallah, maza su juya baya su kama ruwa su yi alwala, mace kuwa sai ta yi ta neman inda za ta fake, da goyo a bayanta, direba na danna oda. Masu motocin da ke karɓar kuɗinmu ya kamata su tuna rabin fasinjansu mata ne. A Birnin Gaure muka bar babbar hanyar Yamai muka shiga ta Kiyota.

Kiyota ƙaramin gari ne a ƙasar Zabarmawa. Abin da ya ɗaukaka shi zawiyar Shehu Abubakar Hashim ce, wanda ya rasu a 2004, almajirin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha kuma surukinsa. Lokacin mauludi garin ba masaka tsinke. Ka ji Zabarmanci, ka ji Hausa ta Kano da ta Adar, ka ji Fulatanci da Buzanci, kowa da tabarmarsa da butarsa. Mutanen garin kuma buɗe ƙofofinsu suke, ba sai sun san ka ba.

Mu wata mata ce ta karɓe mu, ni da ƙananan yara, Malam da babban suka tafi wajen maza. Hausarta kaɗan ce, ni kuma Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Ta ba mu gadonta, ita ta kwana a tabarma bakin murhu. Da safe na fito na tarar tana turara dambu a madambaci, ta tara zogale a babbar roba, baƙi kusan cike da tsakar gida suna jira. Na naɗe hannun riga na karɓi turmi na daka mata ƙuli da yaji. Ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri, ta miƙo mini a tafin hannunta in ɗanɗana ni ma. Daga nan aka zama ɗaya. Ta nuna mini rijiyar da layi bai cika tsawo ba, ta goya autana lokacin da na tafi ziyarar kabarin Shehu. Da na ciro kuɗi zan ba ta, ta maida mini hannuna, ta ɓata rai sosai, ta ce cikin Hausarta: “Baƙon Annabi ne.”

Daren mauludin ba a runtsa ba. Ana karanta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana yabo, ana Salatul Fatihi, murya dubu ta zama ɗaya. Can wajen asuba aka yi addu'a ta musamman ga waɗanda ruwa ya ci da waɗanda ya raba da muhallinsu. Matar da ke kusa da ni, daga wani ƙauyen Tawa, ta fashe da kuka. Ta gaya mini gidanta ya faɗi, rumbunta ya tafi, da kuɗin akuyarta ta ƙarshe ta zo. Wani zai ce da ta riƙe kuɗin ta sayi hatsi, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Amma na ga fuskarta bayan an shafa fatiha, na kuma ga matan da ke zaune a wurin, ba wadda ta san ta, suna kwance bakin zane suna tara mata abin da ya sawwaƙa.

Saboda ambaliyar gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, makarantu da yawa ma mutane ne ke kwana a ciki. Wannan ya ba mu damar zuwa Damagaram da yara gaba ɗaya, walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan aminin Malam, abokinsa tun suna almajirai. Yaron ya zauna da allonsa mai zayyana, ya karanta farkon Baƙara, malaminsa na bi, aka yanka rago. Bayan la'asar mai masaukinmu ya zaga da mu unguwar Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, inda tsohon masallacin laka da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe da ruwan 3 ga Satumba. Ya tsaya a gaban tarin ƙasar ya ce a nan ubansa ya fara kai shi sallah. Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaye shi ba.

Da sanyi ya shigo, sai ga matar Kiyota a Maraɗi. Ɗanta ya zo sarin kaya a babbar kasuwa, ta ce ba zai zo garin ƙawarta ya bar ta a gida ba. Na rasa inda zan sa ta don murna. Inna ta sa aka yanka zakara, maƙwabciyarmu da har lokacin tana ɗakin baƙi ta ce ita za ta tuƙa tuwon, yayana da kansa ya zo ya gaishe ta ya yi mata godiyar riƙon ƙanwarsa. Ranar komawarta Malam ya saya mata jar akuya irin ta Maraɗi, 'yan tasha suka ɗaure ta a saman mota tana ta kuka, mu kuma muna ta addu'ar Allah ya kai su lafiya.

Akwai tafiya ɗaya da muka yi niyya ba mu yi ba. Malam ya so ya kai yara Agadas a hutun ƙarshen shekara, su ga masallacin nan mai doguwar hasumiyar laka, har an ware kuɗin mota. Inna ce ta kira mu ɗakinta ta ce: “Agadas ba inda za ta. Marayun nan ku fara maida su ɗakinsu.” Kuɗin suka tafi siminti da yashi, aminin Malam na Damagaram ya aiko da kuɗin kwano, dangin Katsina suka ɗauki nauyin ƙofa da taga. Yanzu haka magina sun kai linta, kuma maigini ya ce in Allah ya yarda kafin azumi za su tare.